Wutar da muke ciki da shirin zuwan Ubangiji

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Yau dai nace sai nayi magana akan wannan abu da ya daɗe yana cin raina. Kusan duk wani guruf na WhatsApp da nake ciki, na zumuntar maza ne, na 'yan kwaya masu waƙa a coci ne, har na dangi, baza ayi sati ba sai wani ya turo bidiyo ko saƙon murya cewa ƙarshen duniya ya zo, ga alama kaza ga alama kaza, a tura wa mutum goma kafin dare. A watan Satumba na 2025 ma haka akayi ta yawo da maganar wani mutumin Afirka ta Kudu da yace fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, zata faru 23 ko 24 ga wata, na ga matasanmu a Sabon Gari da Brigade hankalinsu ya tashi sosai, wasu har barci ya gagare su. Ranar ta zo ta wuce, kowa ya koma harkarsa, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa to me wannan tsoron ya gyara a rayuwata.

Ni na gaskata Yesu zai dawo, da dukan zuciyata na gaskata, kuma bana jin kunyar faɗa a ko'ina. Abinda ke damuna shine yadda muka mayar da shirin zuwansa ya zama lissafin kwanan wata da neman alamu a waya, alhali ainihin inda ake shirya mutum shine cikin wannan wahalar da muke sha kullum muna kuka da ita muna cewa Allah ka cire mana.

Maganar saka rana ba yau aka fara ba. A Amurka akwai William Miller da mabiyansa suka tsaya akan 22 ga Oktoba 1844, wasu sun bar amfanin gona a gona basu girbe ba, gari ya waye babu komai. Harold Camping yace 21 ga Mayu 2011, mutane suka kwashe ajiyarsu suka zuba a allunan talla, da bata faru ba ya matsar zuwa Oktoba, daga baya shi da bakinsa ya amince yayi kuskure. Mu nan ma da shekara ta 2000 ta gabato wa bai ji abinda akayi ta faɗa ba, da BVN ya fito akace lambar dabbar nan ta littafin Wahayin Yahaya ce, da korona ta zo a 2020 akace allurar ce 666, da akayi ƙarancin takardun naira a farkon 2023 akace to shikenan lokacin da ba saye ba sayarwa ya iso. Amma Matiyu 24:36 a fili take, Yesu yace ranan nan da sa'an nan ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, sai Uban kaɗai. Kuma a cikin wannan surar dai yace zaku ji labarin yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa, kada hankalinku ya tashi, wannan mafarin naƙuda ne. To wanda Ubangiji yace masa kada hankalinka ya tashi, mai turo saƙo kuma yana ce masa tashi hankalinka, muryar wa zai bi?

Yanzu bari in shiga inda nake so in daɗe.

Mu Kiristocin Kano ba sai an karanta mana ma'anar tsanani a littafi ba. Iyayenmu sun ga rikicin Maitatsine a Disamba 1980 da ya ci sama da mutum 4,000. Sun ga Oktoba 1991 lokacin da Reinhard Bonnke zai yi taron wa'azi gari ya kama da wuta. An ga rikicin 2001, an ga na Mayu 2004 bayan abinda ya faru a Yelwan Shendam. Mu kuma da idonmu munga Juma'ar 20 ga Janairu 2012 da bama-bamai suka dinga tashi ta ko'ina a garin nan aka rasa sama da mutum 180, sai 29 ga Afrilu na wannan shekarar aka shiga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ana cikin sujadar Lahadi aka buɗe wa 'yan'uwa wuta, sai tashar New Road a 18 ga Maris 2013, sai cocin Katolika na St. Charles a 27 ga Yuli 2014 mutane na fitowa daga sujada. Shekarun da in zaka shiga coci sai an laluba ka a bakin ƙofa, mata ba'a shiga da babbar jaka, mota kuma can nesa zaka ajiye ta ka tako da ƙafa. Ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 da ta cinye dubban shaguna, mutum ya kwanta da jari ya tashi ba ko sisi. Yanzu kuma tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 wata irin wuta ce mara hayaƙi take cin gidaje, kuɗin haya, kuɗin makaranta, kuɗin magani, kwanon shinkafa, kuɗin adaidaita sahu zuwa coci ma sai iyali sun zauna sunyi lissafi.

Manzo Bitrus ya rubuta wa mutane irinmu. Su ma baƙi ne warwatse a garuruwan da ba'a cika son su ba, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. A 1 Bitrus 1:6-7 yace musu kuna baƙin ciki na ɗan lokaci saboda gwaje-gwaje iri iri, domin bangaskiyarku da tafi zinariya daraja a gwada ta kamar yadda ake gwada zinariya da wuta, ta zama abin yabo da ɗaukaka a ranar bayyanar Yesu Almasihu. Ku lura da kyau, a aya ɗaya ya haɗa gwaji da zuwan Yesu, bai raba su ba. Wato gwajin nan shine makarantar shirin. Zinariya sai zafi ya kai maki 1,064 a ma'aunin salshiyos take narkewa, in ta narke ne dattin da ya ɓuya a cikinta yake rabuwa da ita maƙeri ya kwashe. Wutar bata kawo dattin ba, dama yana ciki, fito da shi kawai tayi. Malakai 3:3 kuma yace Ubangiji zai zauna kamar mai tace azurfa, kuma wa zai fara tacewa? 'Ya'yan Lawi, masu hidima a haikali. Ba daga waje yake farawa ba, daga cikin gida ne, Bitrus ma ya maimaita haka a sura 4 aya 17.

To wane datti ne wutar Kano ta fito da shi daga cikinmu? In zamu faɗa wa juna gaskiya, na farko ƙiyayya ce. Akwai ɗan'uwan da zai tsaya a gaba yayi jagorar addu'a hawaye na zuba, amma in an fita waje aka ambaci Musulmi sai kaji maganar da ke fita daga bakinsa ka rasa ko mutum ɗaya ne. Na san ciwon da ke bayan wannan, ban raina shi ba, wani ya binne ɗansa, wata har yau bata ga gawar mijinta ba, wani an hana shi fili ko aiki ko gurbin karatu saboda sunansa, mu Hausawa Kirista kuma namu biyu ne don a gida ana ce mana mun bar hanya a waje kuma wasu 'yan'uwa suna mana kallon anya kuwa. Duk na sani. Amma wanda muke jira ɗin nan shine yace ku ƙaunaci maƙiyanku kuyi wa masu tsananta muku addu'a, kuma bai faɗa daga kan kujera mai laushi ba, yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara. In ya dawo ya same mu da zuciya cike da gaba, sanin ma'anar ƙahoni goma na littafin Daniyel bazai amfane mu da komai ba.

Kuma kada mu manta wutar nan ba mu kaɗai ta ƙona ba. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 a babban masallacin Juma'a na cikin gari kusa da gidan Sarki mutum sama da 100 aka kashe suna salla. A rikice-rikicen da na lissafa a sama akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunan matansu suka tsaya a bakin zaure sukace ba mai shiga, duk wanda ya daɗe a Kano ya san gida ɗaya ko biyu da akayi haka. A zanga-zangar tallafin mai ta Janairu 2012 a garin nan Kiristoci suka kewaye Musulmi suna salla don kada a taɓa su. Wanda gwaji ya tsarkake yana iya tuna waɗannan ya gode wa Allah, wanda gwaji ya ɗaɗa wa ɗaci kuwa ko ka tuna masa sai ya kawar da kai.

Anan ne nake so mu gane wani abu, ba kowace wahala ce take tsarkake mutum ba. Wahala ita kaɗai bata da wani tsarki. Mutum biyu zasu sha abu iri ɗaya, ɗaya ya fito da tawali'u da tausayi ɗayan ya fito da taurin zuciya. In kaje wajen 'yan bugu ta wajen marinar Ƙofar Mata zaka ga sun shimfiɗa shadda akan gungume suna ta dukanta, mai kyau sai ƙara sheƙi take, wadda zarenta ya riga ya ruɓe kuwa dukan nan ne zai yaga ta. Ibraniyawa 12:11 tace horo baya da daɗi a lokacin da ake yinsa, amma daga baya yana haifar da salama da adalci ga waɗanda suka horu da shi. Ga waɗanda suka horu, ba ga duk wanda ya sha ba. Ayoyi kaɗan a gaba kuma ta gargaɗe mu kada saiwar ɗaci ta tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa.

Sannan akwai wahalar da mu muka jawo wa kanmu muke lulluɓe ta da sunan gwaji. Ka ci bashin ɗan'uwa ka ƙi biya, ya kai ka gaban dattawa, kace ana tsananta maka. Ka shiga Facebook ka zagi addinin mutane, abu ya dawo maka, kace don sunan Yesu ne. Haba ɗan'uwa. 1 Bitrus 4:15 yace kada waninku ya sha wuya a matsayin mai kisa ko ɓarawo ko mugu ko mai shisshigi cikin al'amuran mutane. Irin wannan ba haƙuri take buƙata ba, tuba take buƙata da mayar da kayan mutane.

Ta ɗaya gefen kuma, dan Allah kada wani ya ɗauki maganata yaje ya ce wa gwauruwar da aka cinye wa gado tayi shiru Allah yana tsarkake ta ne, ko matar da miji ke duka, ko ma'aikacin da aka riƙe wa albashi. Zalunci zalunci ne, Allah baya jin daɗinsa, iya juya shi ya zama alheri da yake yi bai wanke azzalumi ba. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, da safe da akace ya tafi a ɓoye yace a'a, mahukuntan su zo da kansu su fitar da mu, Ayyukan Manzanni 16:37. A sura 25 kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Neman haƙƙi ta hanyar doka baya karo da haƙuri, abinda aka hana mu shine ramuwa. Haka ma mara lafiya, kada a zauna masa a kai kamar abokan Ayuba ana tono wane zunubi yayi, a kai shi asibiti a yi masa addu'a a haɗa masa kuɗin magani.

Datti na biyu da nake gani shine son abin duniya da ya shigo mana ta ƙofar bagade. Yanzu wa'azin da ke tara jama'a shine wanda zai ce maka bana shekararka ce, shuka iri ka girbi mota, wahala ba rabonka bace. To in wahala ba rabon mai bi bace ina zamu kai Yahaya 16:33 inda Yesu yace a duniya kuna da wahala amma ku yi ƙarfin hali na yi nasara da duniya? Wanda ya tashi da irin wancan wa'azin ranar da shagonsa ya ƙone sai bangaskiyarsa ta ƙone tare da shagon, don an koya masa Allah abokin ciniki ne. Ku duba ikilisiyoyi bakwai na Wahayin Yahaya sura 2 da 3. Ta Simirna, garin da yau ake kira Izmir, matalauciya ce tana cikin ƙunci, amma Yesu yace mata ke mawadaciya ce, bai tsauta mata ko sau ɗaya ba, abinda ya ce kawai ki yi aminci har mutuwa. Daga wannan ikilisiyar ne Polikaf ya fito, dattijon da aka ƙona wajen shekara ta 155 bayan yace shekara 86 yana bauta wa Almasihu bai taɓa yi masa laifi ba, yaya zai saɓi Sarkinsa. Ta Lawudikiya kuwa mai kuɗi ce tana cewa bana buƙatar komai, ita ce aka ce wa ke matsiyaciya ce makauniya tsirara, zo ki sayi zinariyar da aka tace da wuta. Ina roƙon Allah kada majami'unmu masu tayil da janareta biyu su zama Lawudikiya alhali ƙananan majami'un ƙauyukan Kano da ake sujada a ƙarƙashin rufin kwano mai yoyo sune Simirna.

Wani abu da yake ƙarfafa ni shine jiran zuwan Isa a ƙasar nan ya girmi zuwan Turawan mishan. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wajen shekarun 1860, akwai wani malami Malam Ibrahim da nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa da sa ran dawowarsa, aka kashe shi a kasuwar Kano saboda ya ƙi janye maganarsa, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu zuwa wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da ɗan mishan Dokta Walter Miller a Zariya, aka kafa musu zama a Gimi, can ma ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, waɗanda suka rage daga baya suka koma Wusasa. Mutanen nan basu da kalandar fyaucewa, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ma sai 1932 ya fito, ɗan hasken da suka samu suka riƙe har ya ci ransu. Mu da muke da Littafin a aljihu a cikin waya fa?

To menene shirin? Yesu da kansa ya amsa, bayan alamun Matiyu 24 bai tsaya nan ba ya wuce sura 25. Budurwai goma duk sunyi barci, masu hikima da marasa hikima, bambancin kawai wasu sun tanadi mai tun da rana. Man nan ba'a aronsa, bangaskiyar mamanka ko ta Baba Fasto bazata kunna fitilarka ba, kuma ba'a tara shi a daren addu'a guda na 31 ga Disamba, ana tara shi ne a asubahin da ka tashi kayi addu'a ba wanda ya ganka, da ranar da aka baka cin hanci ka mayar alhali gidanka ba abinci, da ranar da ka danne zuciyarka kaje ka gaida wanda ya ɓata maka. Sai misalin talanti, wato kuɗin da maigida ya ba bayinsa su juya, bawan da aka hukunta ba sata yayi ba, tsoro ne yasa ya binne abinda aka bashi. Shi yasa nake jin zafi in naji matashi yace me amfanin karatu ko koyon sana'a tunda duniya ta kusa tashi. Wasu a Tasalonika sunyi wannan tunanin suka ajiye aiki, Bulus yace musu wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ɗana, ƙanwata, je ki rubuta jarabawarki, je ka koyi ɗinkinka ko gyaran wayarka, kuyi aure ku dasa bishiya, Ubangiji ya zo ya same ku a bakin aiki.

Na ƙarshe a surar shine tumaki da awaki, kuma wannan ne yafi bani tsoro mai kyau. Sarkin bai tambayi kowa ko ya gane wanene magabcin Almasihu ba. Yunwa, ƙishi, baƙunci, tsiraici, ciwo, kurkuku, akan waɗannan ya raba mutane, yace duk abinda kuka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwan nan nawa ni kuka yi wa. A garin nan ba sai ka nema da fitila ba. Akwai masu jinya a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da suka zo daga nesa kuɗinsu ya ƙare suna kwana a baranda. Akwai 'yan'uwa da suka gudo daga Borno da Yobe tun shekarun Boko Haram har yau suna cunkushe a ɗaki ɗaya. Akwai gwauraye a layinmu da in zumuntar mata bata kai musu kwanon masara ba wuta bazata tashi a murhunsu ba, kuma gaskiya iyayenmu mata na zumunta sun fi mu maza nisa a wannan fannin, da ɗan abinda suke tarawa ranar taronsu suke riƙe gidaje da yawa shiru ba talla. Akwai almajirin da ke tsaye a ƙofar gidanka da roba, shima yunwar tasa yunwa ce.

Gidan yari kuma shine wanda muka fi mantawa. A Kurmawa da Goron Dutse akwai mutanen da suka daɗe suna jiran shari'a, wasu tara ce 'yar kaɗan ta riƙe su ba mai biya musu, wasu danginsu ma basu san inda suke ba. Mu 'yan zumuntar maza a majami'armu mun yanke shawara zamu fara zuwa, za'a nemi izini wajen hukumar gidan yadda doka ta tanada, kuma abinda za'a kai ba wani abu mai tsada bane, sabulu, omo, man shafawa, silifas, garin kwaki da suga, ba tare da tambayar wane ne Kirista wane ne Musulmi ba. Duk mai son sa hannu ya samu dattijon da ke riƙe da baitulmalin zumunta bayan sujada ranar Lahadi, in kuma a cikinku akwai lauya da zai iya bada lokacinsa ya duba takardun masu jiran shari'a, shi muka fi buƙata.